Sabon Inji A Tsohuwar Mota: Yadda Muka Gano Abin Da Ke Shanye Man Baba

Tun kafin motar ta shigo gareji muka hango baƙin hayaƙinta. Tsohuwar Toyota Corolla ce ta ƙarshen shekarun 1980, irin wadda har yau ake lodin fasinja da ita. Mu uku ne a wurin, ɗaliban aji uku a sashen injiniyancin kanikanci, makonmu uku ke nan da fara horon sanin makamar aiki na SIWES a wani gareji da ke Kano. Dattijon da ya fito daga motar ya gaisa da maigidanmu, ya zauna a benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Malam, motar nan za ta talauta ni," in ji shi.

Tsakanin Kano da Wudil yake jigila. Wata biyu kafin nan injin motar ya buga. Ya sayar da tumakinsa biyu, ya ranci ciko, aka sayo masa inji na hannu, irin wanda ake ce wa ɗan Beljiyam. Tsohon injin shi ne 4A-F, mai kafireta. Wanda aka samo kuwa 4A-FE ne. Girmansu ɗaya, lita 1.6, ya kuma zauna daram a mazaunin tsohon, sai dai shi mai injekta ne. An gaya masa zai fi ƙarfi, zai kuma rage shan mai. Sai ga shi man da a da yake kai shi magariba, yanzu kafin la'asar ya ƙare. Duk wanda ya san yadda farashin fetur ya tashi tun da aka sanar da cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya san abin da hakan ke nufi ga direba. Ga kuma 'yarsa a ajin ƙarshe na sakandare, lokacin biyan kuɗin NECO yana matsowa.

An riga an canza masa fulogi sau biyu, an wanke nozul. Wani ya ce ƙwaƙwalwar injin ce ta mutu, a sayi wata. Wani ya ce a cire injektar gaba ɗaya a ɗora kafireta, kowa ya huta. Maigidanmu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, bar mana ita kwana biyu. Ba za mu sayi komai ba sai mun auna."

Ƙannenmu 'yan sakandare, abin da ya faru a waɗannan kwanaki biyu muke son ba ku labari, domin kusan duk abin da muka yi amfani da shi, a darasin Fiziks da Kemistiri da Lissafi na aji huɗu zuwa shida muka fara jin sa.

Kafireta da injekta

Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba. Gaurayen fetur da iska yake ƙonawa, kuma akwai gwargwado. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Wato lita ɗaya ta fetur tana cin kusan lita 9,000 ta iska. Idan mai ya yi yawa, ragowar ba ta samun iskar ƙonewa, sai ta fita a matsayin baƙin hayaƙi, ta kuma shafe fulogi da baƙin toka. Idan iska ta yi yawa, inji zai rasa ƙarfi, ya ɗau zafi fiye da ƙima.

Kafireta tana haɗa wannan gauraye ne da ƙarfin zuƙar iska kawai. Iska na wucewa ta wani ƙuntataccen wuri, sai ta jawo mai. A injin injekta kuwa, famfon lantarki ne ke turo mai da ƙarfi zuwa nozul huɗu, wata ƙaramar kwamfuta kuma, wadda a gareji ake kira birenbos, ita ke yanke tsawon lokacin da nozul zai buɗe. Idan mota na tsaye injin na aiki a silo, buɗewar ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na sakan ɗaya. Idan injin na juyawa sau 3,000 a minti, kowace silinda tana ƙona mai sau 25 a sakan guda.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin D-Jetronic a motar Volkswagen 1600, kuma shi ma matsin iskar da ke shiga inji yake aunawa, kamar injin Baba.

Abin lura shi ne, ƙwaƙwalwar nan makauniya ce. Ba ta ganin mai, ba ta ganin hayaƙi. Abin da sensa-sensa suka gaya mata ta waya, shi kaɗai ta sani: saurin juyawar inji, matsin iska, zafin ruwa, zafin iska, yadda aka taka totur, da ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙi. Idan aka ciro inji daga wata mota, ana yanke wayoyinsa da tiyo-tiyonsa. Wanda zai dasa shi a wata motar sai ya mayar masa da su duka daidai. In aka yi kuskure ɗaya, ƙwaƙwalwa lafiyayya za ta yi lissafi mai kyau a kan labarin ƙarya.

Abin da ido ya fara gani

Da muka ɗaga bonet, maigida ya hana mu taɓa komai. Ya ce mu yi minti goma muna kallo kawai, kowa ya rubuta abin da ya gani.

Abu biyu suka tayar mana da hankali. Na farko, tsohon tiyon mai na kafireta aka bari, aka ɗaure bakinsa da waya. Famfon kafireta matsinsa bai kai 7 ba a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar 30 zuwa 35. Famfon injekta kuwa ya fi tayar ma ƙarfi. Tiyon har ya fara kumbura, ga shi kusa da bututun hayaƙi mai zafi.

Na biyu, an haɗa famfon mai kai tsaye da makulli. A tsarin asali, ta hanyar rile ake ba shi wuta, kuma ba ya aiki sai ana tayar da inji ko injin na juyawa. Hikimar ita ce, idan an yi haɗari inji ya mutu, famfo ya tsaya. A yadda aka haɗa na Baba, ko motar ta kife, famfon zai ci gaba da feso fetur muddin makulli na kunne. Waɗannan biyun muka fara gyarawa, domin sun shafi rayukan fasinjoji.

Geji ya yi magana

Daga nan muka ɗaura gejin auna matsin mai. Kafin a kwance tiyon injekta, sai an cire wa famfo wuta, a bar inji ya yi aiki har ya mutu da kansa, in ba haka ba fetur zai feso wa mutum a ido. Littafin gyaran wannan inji ya ce matsin ya kasance tsakanin 38 da 44 idan an zare ɗan tiyon iska daga na'urar da ke daidaita shi. Namu ya nuna 60.

Dalili bai yi wuyar ganowa ba. Famfo yana turo mai fiye da buƙata, sai na'urar daidaitawa ta mayar da ragowar zuwa tanki ta wani bututu. Wanda ya dasa injin ya haɗa wannan hanyar komawa da wani siririn bututu da aka yi domin fitar tururin tanki. Mai ya rasa isasshiyar hanyar komawa, matsi ya hau.

A nan lissafi ya shigo. Yawan man da nozul ke fesowa yana tafiya ne da tushen murabba'in matsi, abin da kuke kira sukwaya rut. Raba 60 da 40, za ku samu 1.5. Tushen murabba'in 1.5 shi ne kusan 1.22. Ke nan duk buɗewar nozul, man da ke shiga ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100, ƙwaƙwalwa kuma ba ta da labari, domin babu sensar da ke gaya mata matsin mai. Muka ja sabon bututu mai faɗin da ya dace har tanki. Geji ya sauka zuwa 41. Hayaƙi ya ragu, amma bai ɗauke ba.

Fitilar da ke ƙirga lamba

Motocin zamani suna da soket mai rami 16 da ake jona na'urar bincike, tsarin da ake kira OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996. Injin Baba ya girmi wannan tsari, amma yana da tasa hanyar yin ƙorafi. A cikin wani ƙaramin akwati kusa da inji akwai ramuka masu suna. Idan aka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, aka kunna makulli, fitilar gargaɗin inji za ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga.

Matsalar ita ce motar Baba ba ta da wannan fitila a dashbod, tunda da kafireta aka ƙera ta, kuma ba wanda ya damu ya sa mata. Wata biyu ƙwaƙwalwar tana kuka ba mai ji. Muka nemo wayar, muka jona ɗan ƙwan fitila. Ƙifta biyu, ɗan tsayawa, ƙifta ɗaya. Lamba 21 ke nan: sensar oksijin.

Wannan sensa tana zaune a hanyar hayaƙi. Idan ta yi zafi, tana ba da wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Sama-sama na nufin mai ya yi yawa, ƙasa-ƙasa na nufin iska ta yi yawa. Da ita ƙwaƙwalwa ke duba sakamakon aikinta ta gyara, kamar ɗalibin da ke duba amsarsa kafin ya miƙa takarda. Motocin Volvo ne suka fara fitowa da ita a 1976. Ta Baba lafiyarta ƙalau, wayarta ce aka yanke tun lokacin ciro injin, aka cusa ta bayan wasu wayoyi. Muka haɗa.

Mun ɗauka mun gama. Amma da muka sa mita, allurar ta tsaya a sama ta ƙi saukowa, warin ɗanyen fetur kuma na nan. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Oga, anya ba birenbos ɗin ba ne kuwa?" Maigida ya ce, "Samari, kun auna shi ne, ko kun gaji ne?" Muka yi shiru. Gajiya ce.

Ƙaryar da waya ta yi

Washegari muka koma kan sensar zafin ruwa. A kula, guda biyu ne a wannan inji: mai waya ɗaya tana motsa allurar dashbod, mai waya biyu ita ke magana da ƙwaƙwalwa. A cikinta akwai wani abu da turjiyarsa ga lantarki ke raguwa idan zafi ya ƙaru. A digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000. A digiri 80 kuwa om 200 zuwa 400 kawai.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ta damu da zafin ruwa? Saboda fetur ba ya zama tururi sosai a inji mai sanyi, wani yana manne wa bangon hanyar iska. Don haka idan ta ji sanyi sai ta ƙara mai, aikin da cok ke yi a babur da janareta. Kuma har sai inji ya ɗumama take fara sauraron sensar oksijin.

Bayan mun zagaya da motar, muka auna zafin injin: kusan digiri 60. A bakin sensar, mita ta nuna om 600, daidai da wannan zafi. Lafiyarta lau. Sai maigida ya ce mu zare soket ɗin ƙwaƙwalwa mu auna daga can ƙarshen wayar. Mita ta nuna om 1,300.

Daga ina 700 suka fito? Ku tuna darasin turjiya a jere: idan biyu suna layi ɗaya, tara su ake yi. Muka bi wayar taku-taku muna warware salatif, har muka iske inda aka ƙara mata tsawo. Murɗa wayoyin kawai aka yi da hannu, ruwan wankin inji ya shiga, wurin ya yi kore da tsatsa. Wannan ɗan ƙulli shi ne om 700. A lissafin ƙwaƙwalwa, om 1,300 na nufin injin bai kai digiri 40 ba. Tun safe har dare, a zafin Kano, tana ɗauka yanzu aka tayar da mota. Ba ta kuma nuna lambar ƙorafi ba, domin wayar ba ta tsinke ba, kuma digiri 40 ba abin mamaki ba ne a wurinta. Muka yanke ƙullin, muka haɗa da dalma, muka rufe da kyau.

Batun tamostat

Saura tambaya ɗaya: me ya hana injin wuce digiri 60? Da muka kwance mazaunin tamostat, wayam. An cire shi, an kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye, tana juyawa ba tsayawa.

Wannan al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu. Hujjar ita ce ƙasarmu akwai zafi, tamostat na ƙasashen sanyi ne. Maigidanmu ma bai ɓoye ba, ya ce shi kansa ya yi shekaru yana cirewa. Amma tamostat ƙofa ce kawai da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai kimanin digiri 82, sannan ta buɗe ya tafi lagireto. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wannan zafi, ko a Kano ko a Tokiyo. Idan mota na tafasa, a duba toshewar lagireto, ko yoyo, ko famfon ruwa, ko fanka, ko tamostat ɗin da ya maƙale a canza shi. Cire shi gaba ɗaya yana sa inji mai injekta ya daɗe cikin sanyi yana shan mai. Muka sa sabo, muka mayar da fanka kan makunninta mai jin zafi.

Saiti, da kuskuren da muka tafka

Sai da aka kawar da duk waɗannan sannan aka zo saiti. Saita injin da ke da lalura ɓata lokaci ne.

Silo ya riƙa hawa da sauka. Maigida ya ba mu guntun tiyo, ya ce mu kara baki ɗaya a kunne, mu riƙa zagaya ɗayan a jikin inji. Muka ji shuuu a wani ƙaramin baki da ba a amfani da shi, an toshe shi da ƙusa da leda. Iska na satar hanya ta nan. Muka rufe shi da marfin roba, silo ya kwanta. Muka daidaita sensar totur yadda ƙwaƙwalwa za ta san an ɗaga ƙafa.

Sai taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Ƙa'idar wannan inji ita ce digiri 10 kafin fiston ya kai ƙololuwa. Muka haska fitilar taimin, muka ga alamar tana rawa, muka juya distiributa har ta zo kusa da 10, muka ɗaure. Da aka fita gwaji, motar ta yi nauyi kamar an yi mata lodin siminti. Laifinmu ne. Mun manta ba mu haɗa TE1 da E1 ba, alhali wannan haɗin ne ke sa ƙwaƙwalwa ta daina motsa taimin, a samu a saita tushensa. Muka sake, alamar ta tsaya cak. Daga ƙarshe muka zare fiyus ɗin EFI na ɗan lokaci don goge tsohon ƙorafi. Da injin ya yi zafi, allurar mita a kan sensar oksijin ta fara lilo, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Wannan lilon shi ne alamar ƙwaƙwalwa ta kama aikinta.

Akwai wani mataki sama da wannan. Masu dasa injin da ya sha bamban da na asali sukan sa ƙwaƙwalwar da ake iya rubuta wa umarni da kwamfuta, irin su MegaSquirt, ko Speeduino da aka gina a kan allon Arduino. A ciki akwai jadawali: saurin inji a gefe ɗaya, matsin iska a ɗaya gefen, kowane gida da adadin mansa. A tafiyar yau da kullum ana neman 14.7, idan an take totur har ƙasa a sauko wajen 12.5 zuwa 13, domin ƙarin man yana kare fiston daga zafi. Wanda ya matse mai a wannan wuri don tsimi, yana iya ƙona inji. Su ma ƙa'idarsu ɗaya da tamu: a canza abu ɗaya, a auna, a rubuta.

Abin da aka saya

Duk abin da Baba ya biya kuɗinsa shi ne tiyo, bututu, rile ɗaya, tamostat, marfin roba da fulogi huɗu. Ƙwaƙwalwar da aka so ya jefar tana nan tana aiki. Bayan mako guda ya biyo ta garejin da ledar rake, ya ce mai ya koma kai shi magariba har da saura, kuma ya fara ajiye na jarrabawar yarinya.

Ga mai sha'awa a cikinku, akwai gwajin da za ku iya roƙon malamin Fiziks ya yi muku. Ku samo tsohuwar sensar zafi a wurin bakanike, da mitar awon lantarki, da ma'aunin zafi, da tukunyar ruwa. Ku tsoma bakin sensar, a riƙa ɗumama ruwan, ku rubuta om nawa ta nuna a digiri 30, 40, 60 da 80, sannan ku zana jadawalin. Layin da zai fito muku shi ne abin da ƙwaƙwalwar mota ke karantawa.

Amma kada kowa ya je ya kwance tiyon man motar gida. Fetur mai matsi yana kama wuta nan take, murfin lagireto mai zafi yana ƙona fuska, hayaƙin inji a rufaffen ɗaki kuma yana kisa ba tare da an ji warin gubar ba. A koya a gaban wanda ya iya.

Motoci masu kafireta suna ƙarewa a titunanmu, masu sensa suna ƙaruwa. Kwalejojin fasaha da foliteknik da jami'o'i suna koyar da wannan fanni, maza da mata, garejoji kuma suna neman yaran da suka iya riƙe sifana suka kuma iya karanta mita. A ranarmu ta ƙarshe a garejin, maigida ya miƙa wa sabon yaronsa, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, mitar nan da muka yi aiki da ita. Ya ce masa, "Kai, fara da wannan. Sifana tana nan tana jiran ka."